Kantar Littattafai: Vasya, Yarinyar Da Aka Ba Zaɓi Biyu Ta Ƙi Duka

Wannan makon sai kowa ya nemo rigar sanyi, domin inda za mu, hunturunmu na watan Janairu wasan yara ne. Littafin da muka ɗauko shi ne The Bear and the Nightingale, na marubuciya Katherine Arden 'yar Amurka, wanda ya fito a 2017. Ta zauna a Mosko shekara guda bayan ta gama sakandare, ta kuma karanci Rashanci da Faransanci a jami'a. Shi ne littafinta na farko, kuma na ɗaya cikin jerin uku.

Labarin ya faru ne a ƙarni na 14, tun Rasha ba ta zama ƙasa ɗaya ba, lokacin da sarakunanta ke kai haraji ga Mongol. A wani ƙauye na arewa, can bakin daji, akwai wani mai gari, Pyotr Vladimirovich. Matarsa Marina ta rasu wajen haihuwar 'yar autarsu Vasilisa, wadda ake kira Vasya. Tsohuwa Dunya ce ta rene ta. Idan dare ya yi, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, yara sukan kewaye katafaren murhun gidan, irin wanda har kwana ake yi a kansa don ɗumi, Dunya ta yi musu tatsuniya.

Tatsuniyar da ta buɗe littafin tsohuwa ce a Rasha, ta Morozko, sarkin sanyi. Kishiyar uwa ta sa aka kai marainiya daji don sanyi ya kashe ta. Yarinyar ta yi wa Morozko ladabi, ta dawo da dukiya. Matar ta tura 'yarta ta cikinta, ita kuwa ta yi rashin kunya, aka dawo da gawa. Da muka karanta sai muka yi murmushi, muka ce ashe Ruwan Bagaja ya kai har Rasha. Bambancin kawai, su daji da ƙanƙara, mu tafiya mai nisa zuwa kogi.

Vasya dai ba irin marainiyar tatsuniya ba ce mai sunkuyar da kai. Ga manyan idanu har 'yan'uwanta na kiran ta 'yar kwaɗo, ga hawan bishiya, ga gudu daji a bar ta da aikin ɗinki. Sannan tana ganin abin da wasu ba sa gani. A al'adar mutanen Rasha ta dā, kowane wuri yana da mai gadinsa na ɓoye: domovoi a murhu, bannik a ɗakin wanka, leshy a daji, rusalka a ruwa. Mutanen ƙauyen Kirista ne, suna zuwa coci, amma sukan ajiye ɗan ɓawon burodi da madara saboda waɗannan halittu. Mu dai a matsayin tatsuniya muka karanta, yadda ba wanda ke zuwa neman Gizo da Ƙoƙi a bayan gari.

Inda littafin ya kama mu shi ne zuwan amarya. Pyotr ya je Mosko ya dawo da Anna, 'yar sarkin birnin. Mun zaci za mu tsane ta kai tsaye, sai abin ya gagara. Ita ma tana ganin halittun nan, amma tun tana ƙarama ta ɗauka shaiɗanu ne, mutane kuma suka ɗauka taɓin hankali gare ta. Burinta ta shiga gidan matan coci masu zaman ibada, inda take samun sakat, sai ubanta ya aurar da ita ba tare da ya tambaye ta ba. Ga mata biyu a gida ɗaya, idonsu iri ɗaya, ɗaya ta ɗauke shi baiwa, ɗaya ta ɗauke shi annoba. Muguntar Anna gaskiya ce, ba mu wanke ta ba, amma tsoro ne ya haife ta.

Sai kuma aka turo sabon limamin coci, Konstantin, kyakkyawan saurayi mai zaƙin murya da iya zane. Ya gano cewa idan ya tsorata mutane sun fi bin sa, shi ke nan ya riƙe wannan makami. Aka daina ajiye burodi, masu gadi suka raunana, sanyi ya tsananta, itace ya ƙare, wani mugun abu mai ido ɗaya da ke barci a daji ya fara farkawa. Abincinsa kuwa tsoron mutane ne. Vasya ce kaɗai ta san abin da ke tafe, kuma ladan da ta samu shi ne aka fara raɗe-raɗin mayya ce.

A zamanin, 'yar gidan sarauta hanya biyu gare ta: aure ko kulle a gidan ibada. An yi wa Vasya miji. Ana cikin shiri, doki ya kwasa da wani ƙaramin yaro ɗan yayanta, ta haye wani dokin ta bi shi ta ceto shi a gaban jama'a. Ango bai gode ba. Ganin mace ta fi shi iya sukuwa ya ishe shi, aure ya watse. Ku lura, ba laifi ta yi ba, rai ta ceta. Kuma mahaifinta ba azzalumi ba ne, yana son ta ƙwarai, sai dai bai san wata hanya ta uku ba. Wannan ya fi mana ciwo fiye da a ce mugu ne, domin mutumin da ke son ka ya fi wuyar yi wa musu. 'Yan mata da ke aji shida, muna jin wasunku za su daɗe a wannan babi.

Ba za mu faɗi yadda ta kaya ba. Abin da za mu ce kawai, tsuntsun da ke cikin sunan littafin ba tsuntsu za ku tarar ba, doki ne.

Littafin yana da nasa aibi. Farkonsa na tafiyar hawainiya ne, sai an yi haƙuri kafin Vasya ta girma, ƙarshensa kuma ya zo a guje kamar marubuciyar ta ji ƙararrawar tashi. Sannan sunaye na rikitarwa: Aleksandr shi ne Sasha, Nikolai shi ne Kolya, kamar dai yadda Abubakar ke zama Habu ko Garba. Mu sai da muka rubuta su a bayan littafin rubutu. Akwai ƙamus na kalmomin Rashanci a ƙarshen littafin, ku fara leƙa shi.

Duk wanda kakarsa ke kusa, ya roƙe ta ta yi masa Ruwan Bagaja, ya rubuto mana yadda ake yin ta a garinsu. Za mu buga waɗanda suka fi daɗi a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.