Kafin a ci bashin sayen kwamfuta

A majalisun samarin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, hirar da ke tashe ita ce aikin intanet daga gida, wanda ake biya da dala. Aikin akwai shi. Abin da masu kwaɗaitarwa ba su cika faɗa ba shi ne kuɗin da marar aikin yi zai zuba kafin ya ga ko sisi.

Kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da 'yar kwatano ce daga kasuwar Farm Centre, ba ta sayuwa da kuɗin kashewa. A ce an saya. Data fa? A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100. Wuta kuwa sai ta ga dama, kuma tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 janareta ya zama na masu hali. Bature mai jiran aikinsa a Ingila ba ruwansa da an ɗauke wuta a Kano. Hatta neman aikin a dandalin Upwork, galibi sai an sayi damar nema.

Ra'ayinmu shi ne a koyi sana'ar tukuna. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, da aka fara a 2023, yana koyarwa kyauta. A ari na'urar ɗan'uwa, a gwada wata uku. Kuɗin adashin mahaifiya kuma kada a ranta don sayen kwamfuta, a bar mata abinta, sai aikin farko ya biya.