Binciken kifi ya sauko bakin tabki

Ƴan uwa manoma da masunta, ku sani cewa a wurin masana ana auna darajar mai bincike da yawan takardun da ya rubuta, da kuma sau nawa wasu masana suka ambace su. Kifin salmon na ƙasashen sanyi, da yake kuɗi gare shi, an yi rubutu a kansa ba iyaka. To, tarwada da karfasa fa?

Tun da aka gina madatsar Jibiya ruwan Gulbin Maraɗi ya ragu, mutanen Gidan Rumji shaida ne. A Agye da Gazawa kuwa yashi yana cike tabkuna, suna ƙafewa da wuri. Gaiwa takan shige laka ta jira damina, amma karfasa sai mutuwa. Wane tabki ya cancanci a zuba masa ƴaƴan kifi? A wane wata? Wane irin koma ya kamata a hana?

INRAN tana nan tun 1975, ga kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi. A ganina, wanda ya auna ruwan tabkinku ya dawo ya karanta muku sakamakon da Hausa, gaban sarkin ruwa. In ya zo da awonsa, ku tambaye shi ranar dawowa.