A Raba Bindiga da Albarushi

Edita,

Kaka ta wuce, mafarauta a ƙauyukan Dambatta da Makoɗa sun fiddo bindigogin toka. Abin da ke damuna shi ne ajiyarsu. Sai ka ga bindiga a ɗure, jingine a zaure, yara na wasa kusa da ita, albarushi kuma a ɗakin da ake hura wuta saboda sanyi.

Dokar Makamai ta 1959 ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, ta kuma ɗora alhakin tsare bindiga a wuyan mai ita. Don haka, a sauke ɗuri kafin a shiga gida, a kulle ta, albarushi a wani wurin daban. Kada a nuna wa mutum bakinta, ko da wasa.

Ina roƙon dagatai da sarakunan farauta su ja kunnen jama'arsu.

Naku,
Mai karatu daga Dambatta