Akuya Ta Fi Gatari Ɓarna a Dajin Al'ul

Duk wanda ya dubi kututturen itacen al'ul da aka sare zai ga zobba a jere, kowane zobe shekara guda. Shekarar ruwa takan bar mai faɗi, ta fari kuwa siriri. Wato kaurin da hannu ba ya iya rungumewa aikin ɗaruruwan shekaru ne.

Wannan itace, wanda Larabawa ke kira arzu, shi ne a jikin tutar Labanan. Tun zamanin Fir'aunonin Masar ake saransa ana sassaƙa jiragen ruwa, har duwatsun ƙasar suka yi sanƙo. Galibi gatari ake ɗora wa laifi, alhali akuya ta fi shi ɓarna. Gatari babba yake kayarwa, ya bar iri a ƙasa. Ita kuwa akuya tsiron take cinyewa, sai daji ya tsufa ba magaji. Shi ya sa a 1876 aka kewaye kurmin da ke kusa da garin Bsharri da katanga.

Saboda haka bikin dashe, wanda hukumomi ke ji da shi, bai wadatar ba. Sai an sama wa makiyayi wani wurin kiwo, an kuma ajiye mai gadi shekara da shekaru, har ƙaramin al'ul ya fi ƙarfin bakin akuya.