Mai tsohuwar mota a Suleja: ka duba kalanda kafin ka duba mita

Yawancin motocin da ke fita daga Suleja da sassafe, su ratsa Madalla da gindin Dutsen Zuma zuwa Abuja, sun haura shekara 15 a duniya. Akwai Golf 3 ta 'yan haya, akwai Peugeot 406, akwai Honda Accord ɗin da 'yan kasuwa suka yi wa laƙabi da "Baby Boy", wadda aka ƙera tsakanin 1998 da 2002. A cikinsu kuma ba a rasa saurayi da tsohuwar BMW mai ƙofa biyu, ƙirar E36 ko E46, wanda ya saye ta don gudu da ƙarar salansa.

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni har dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, sauya mota ya gagari ma'aikaci. Wadda ke hannu ita za a lallaɓa. Matsalar ita ce yadda ake lallaɓawar: a juye baƙin mai, a wanke fulogi, a ce an yi sabis. Babban aiki kuwa sai ranar da motar ta tsaya.

Babban aikin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne taimin bel, wato bel ɗin roba mai haƙora da ke daidaita motsin fistin da bawul. Ba ya kuka kafin ya tsinke. A injin irin na "Baby Boy", idan ya tsinke mota na tafe, fistin kan daki bawul ya lanƙwasa su, aikin da bel ɗaya zai raba ya koma sauke kan inji, wani lokaci ma sayen wani injin. Kamfanin Honda ya ƙayyade a canza shi a mil 105,000 ko shekara 7, duk wanda ya riga zuwa, ya kuma rage zuwa mil 60,000 a wuraren da zafi ke wuce digiri 43. Suleja ba ta kai can kullum, amma wanda ya taɓa tsayawa a cunkoson Madalla cikin watan Maris ya san abin da inji ke sha.

To wace mita za a amince da ita? Motar da ta shigo daga Amurka da mil take lissafi, kuma mil 105,000 kusan kilomita 169,000 ne. Masu mota da yawa ba su lura da bambancin ba. Sannan ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ana mayar da mita baya kafin a kai mota kasuwa. Shekaru kuwa ba a taɓa su. Roba tana bushewa ko da motar a rufe take a gareji. Saboda haka wanda ya sayi tokumbo, wato motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje, ba tare da takardar da ta nuna ranar da aka canza bel ba, ya ɗauka ba a taɓa canzawa ba, ya sa kuɗin aikin a cikin kuɗin sayen motar. A haɗa da famfon ruwa da abin ɗaure bel a zama ɗaya, tunda kuɗin hannun bakanike ɗaya ne.

Ba kowace mota ce da bel ba. Accord mai silinda huɗu ta 2003 zuwa 2007 sarƙa gare ta, 'yar'uwarta mai silinda shida kuma bel. Wannan kaɗai ya isa a tambaya kafin a biya.

Mai BMW shi ma sarƙa gare shi a injinan silinda shida, amma kada ya yi murna da wuri. Raunin motar yana wajen sanyaya inji: tankin ruwa na roba, wuyan lagireto, famfon ruwa. Da shekaru sun ja sai su tsage, kuma injin ba ya yafe zafi ko sau ɗaya. A nan ne wasu bakanikai ke kawo tsohon maganinsu na cire tamostat, wai don ƙasarmu da zafi. Dabara ce da ke ɓoye ciwo, ta ƙara shan mai, ta bar ainihin ɓarakar tana nan.

Samun kaya ba shi ne wahalar mutumin Suleja ba. Kasuwar safaya ta Zuba na nan kusa, ga Apo a Abuja, ga Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, abin da ya gagara kuma a aika Ladipo a Legas ya iso a motar dare. Wahalar ita ce sanin abin da ya dace a saya na Beljiyam, wato tsohon kayan da aka ciro daga motocin ƙasar waje, da wanda bai dace ba. Ƙofa, fitila, madubi, giya, har da inji sukutum, na Beljiyam sau da yawa ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, kuma masu cewa haka suna da gaskiya. Amma bel, tiyo, fatar birki da duk wani abu na roba da aka ciro daga motar da ta shekara 20, ya riga ya ci zamaninsa a can. Waɗannan sabbi ake saya, masu sunan da aka sani irin su Gates, Aisin ko Continental, daga hannun ɗan kasuwar da zai ba da rasit ya kuma yarda a dawo masa da kaya.

A je kasuwa da lambar shasi mai alamomi 17, ba da laƙabin mota ba. Ƙira ɗaya tana da ta Amurka da ta Turai, kuma kayansu ba kullum suke shiga juna ba.

Bakanikan Suleja su ma da nasu. Duk wanda ya canza wa mutum bel, ya rubuta rana da lambar mita da fenti a murfin inji, ya kuma miƙa masa tsohon da aka cire. Ƙungiyoyin bakanikai za su iya mayar da wannan ƙa'ida ga mambobinsu ba tare da an kashe ko sisi ba. Mai mota kuma, idan bai san shekarar da aka canza nasa ba, ya kai ta gareji a buɗe murfin a duba a wannan makon.