Allon Da Ke Cikin Aljihu

Maganarmu ta wannan wata a kan samarinmu take.

Mu da ke zaune gaban yara safe da yamma mun lura da wani abu. Yaro yakan riƙe allo har a tashi daga karatu, sa'an nan ya zaro wani allon daga aljihu, watau wayar hannu, ya kwana da shi. A wannan allo na biyu malaminsa mawaƙi ne ko ɗan wasan fim, ga mota, ga zinariya a wuya, ga kwalba a hannu, hayaƙi yana tashi. Ba ya ce wa yaro ya sha. Nuna masa kawai yake yi cewa wanda ya samu duniya haka yake zama, yaro kuwa da ido yake ɗaukar karatu fiye da kunne.

Hukuma ta gane wannan. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Gana, wadda ake kira FDA, ta hana shahararrun mutane yin tallar giya. Daga farkon 2018 kuma ta hana tallar a rediyo da talabijin tun ƙarfe 6 na safe har 8 na dare. Masu harkar waƙa suka ce an toshe musu hanyar abinci, aka kai ƙara, a watan Yuni na 2024 Kotun Ƙoli ta ba hukumar gaskiya. Madalla. Amma fa waya ba ta san ƙarfe 8 ba, waƙa kuwa ba a lissafa ta cikin talla.

Wani dattijo zai ce, ina ruwanmu, ai 'ya'yanmu ba sa shan giya? To, nan ne muke ruɗin kanmu. Gaskiya ne yaron Nima ko na Aboabo zai ji kunyar ratsa lungu da kwalba, don kowa ya san ubansa. Amma abin da ya koya a hoton nan shi ne maye alamar mazantaka ce, sai ya nemi irin mayen da zai iya ɓoyewa. Ƙwaya ba ta da wari. Tramadol ɗin da aka yarda likita ya rubuta a ƙasar nan mai lamba 50 ne ko 100, amma wanda ke yawo a ɓoye har da mai 225 da 250. Yaro zai haɗiya, ya zo ya tsaya cikin sahu kusa da mahaifinsa, ba wanda ya sani, sai ranar da ya faɗi yana shure-shure.

Hoton nan farkon al'amari yake nunawa, ya ɓoye ƙarshensa. Sa'ad da aka nuna ƙarshen kuwa, an ga aiki. A 2018 BBC ta yi fim a kan maganin tari mai kodin a Nijeriya, aka ga samari ɗaure da sarƙa a gidan gyaran hali a Kano, nan da nan gwamnatin can ta hana yin maganin da shigo da shi. A 2025 suka sake yin wani a kan ƙwayoyin da ake kawowa daga Indiya, har da samarin Tamale a ciki, gwamnatin Indiya ta hana yin irin wannan haɗin.

Saboda haka muna roƙon Alhazai masu talabijin a shago su dubi abin da ke tashi cikinta lokacin da yaran shago ke zaune. Masu kantin magani cikinmu kuma, kada su miƙa ƙwayar nan sai da takardar likita. Finafinan nan biyu kuwa, kowane uba ya zauna ya kalle su tare da ɗansa. Wanda bai iya nemo su a waya ba, ya ce yaron ya nemo masa, ai ya iya.