Tara Kuɗin Taimako Ta WhatsApp: A Nuna Lissafi, A Ɓoye Fuskar Mabuƙaci

A ranar 16 ga Afrilun 2020 aka rufe Kano saboda annobar korona, ana saura kwana takwas a ɗauki azumi. Ranar 27 ga watan kuma Shugaba Buhari ya sanya dokar kulle ta mako biyu a jihar. Ɗan dako a Kantin Kwari, mai faci, mai tuyar ƙosai, duk wanda sai ya fita yake samun na cefane, ya wayi gari a gida hannu rabbana.

Ƙungiyoyin unguwa ne suka fara kai ɗauki: 'yan kulob ɗin ƙwallo, tsofaffin ɗalibai, matasan masallaci. Taro ya gagara, sai aka koma guruf ɗin WhatsApp. A saka lambar asusu, wannan ya tura dubu ɗaya, wancan ɗari biyar ta lambar USSD ko da ba shi da data, a sayo gero da sukari da shinkafa a kai gidajen marayu da zawarawa.

Waya ta sauƙaƙa tara kuɗi, amma ba ta kawo amana da kanta ba. Sau da yawa kuɗin asusun mutum ɗaya suke shiga, su cakuɗe da nasa. Wani ya turo hoton rasit na bogi a yi masa godiya. Bayan rabo babu wanda ya san nawa aka tara, nawa aka kashe. Abin da ake sakawa a guruf shi ne hoton wata baiwar Allah ta sunkuyar da kai riƙe da ledar shinkafa, matasa goma sun kewaye ta suna murmushi. An tona asirin wanda ya kamata a rufa wa, an ɓoye abin da ya kamata kowa ya gani.

Bayan da jama'a suka fasa rumbunan ajiyar kayan tallafin korona a jihohi da dama a watan Oktoban 2020, mutane sun ƙara zargin duk mai cewa a kawo a taimaka. Ƙungiyar da ke son a sake ba ta dole ta nuna lissafi.

Gyaran kuwa ba ya buƙatar sabuwar manhaja. A buɗe shafi ɗaya a Google Sheets: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da aka saya, farashinsa. A raba mahaɗin ta yadda kowa zai iya gani amma ba zai iya gogewa ba. Kada a rubuta kuɗi sai an gan su a bayanin asusu daga banki, domin saƙon alat ana ƙirƙirarsa. Idan ƙungiyar na da rajista da hukumar CAC, ta buɗe asusu da sunanta, wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi za su fita. Mai son a sakaya sunansa a rubuta masa "wani bawan Allah".

Hoto kuwa a ɗauki buhuna da rasit ɗin kasuwa, a rubuta adadin gidajen da aka kai wa. Duk hoton da ya shiga guruf ya fita daga hannun mai shi, kuma 'ya'yan matar nan za su girma su gan shi a wayar wani.